Cin Abinci a Mashayar Ailan Lokacin Hutu: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyi

Duk wanda ya je hutu ƙasar Ailan, ko ya bi ayarin masu yawon buɗe ido a Landan, Dubai ko wani babban birnin Turai, da wuya ya gama kwanakinsa ba a ce masa a je a ci abinci a wurin da aka rubuta *Irish pub* a ƙofarsa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin matafiya, musamman Musulmi da sauran waɗanda ba sa shan giya, kuma an fara da na share fage kafin a kai ga masu buƙatar dogon bayani.

Wane irin wuri ne mashayar Ailan, kuma me ya sa ake kai baƙi can don cin abinci?

A asalinta wuri ne mai lasisin sayar da giya, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne: da zarar mutum ya shiga zai ga doguwar kantar katako, famfunan giya a jere, da kwalabe a bayan mai sayarwa. Sai dai a Ailan aikinta ya wuce nan. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa a nan ake taruwa bayan jana'iza ko ɗaurin aure, a nan ake kallon wasanni, a nan kuma ake jin labarin gari. A da, da yawa daga cikinsu kanti ne da mashaya a haɗe, ana sayar da shayi da sukari a gefe ɗaya, kuma har yau a garin Dingle akwai wadda ake sayar da ƙusa da guduma a cikinta.

Dalilin kai baƙi can shi ne, a ƙauyukan gaɓar tekun yamma da sauran wuraren da masu yawon buɗe ido ke bi, sau da yawa mashaya ce kaɗai ke da abinci mai zafi, musamman da yamma. Direban motar yawon buɗe ido da ya tsaya a ƙofarta da rana ba yana nufin a sha giya ba ne, yana nufin a ci abinci. Amma ba kowace mashaya ce ke girki ba. Wasu ba su da komai sai burodi da cuku da aka gasa, wasu ma babu ko wannan.

Me ya sa ake ganin irin waɗannan wurare a biranen da ba su da alaƙa da Ailan?

Dalilai biyu ne. Na farko ƙaura: a babbar yunwar da aka yi tsakanin 1845 da 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin da talakawa suka dogara da shi, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, kuma ƙaurar ta ci gaba shekaru da dama bayan haka. Duk inda suka sauka, a New York, Boston, Liverpool ko Sydney, sun buɗe wuraren haɗuwarsu. Na biyu kasuwanci: a farkon shekarun 1990 wani kamfani a Dublin mai suna Irish Pub Company, tare da haɗin gwiwar kamfanin giya na Guinness, ya fara ƙera kanta da kujeru da madubai da allunan bango a gida, yana aika su ƙasashen waje a harhaɗa. Saboda haka abin da matafiyi zai tarar a wajen Ailan yakan zama kwaikwayo ne da aka tsara da gangan, kuma dokokinsa na ƙasar da yake ciki ne, kamar yadda aka yi bayani a tambayar da ta shafi Dubai, Landan da Amurka.

Idan ba na shan giya, za a yi mini kallon baƙon ido?

A'a. Ƙin shan giya tsohon abu ne a Ailan. Wani limamin Katolika, Theobald Mathew, ya fara gangamin barin giya a birnin Cork a 1838, dubban ɗaruruwan mutane suka yi alƙawari a hannunsa, sannan a 1898 aka kafa ƙungiyar Pioneer ta masu ƙauracewa giya gaba ɗaya, wadda har yau tana nan. Ga kuma direbobi, da masu juna biyu, da masu shan magani. Mutum ya nemi shayi ko lemo a kanta ba ya ɗaga wa kowa gira, kuma ba a tsammanin ya kawo dalili.

Ta fuskar addini fa, ya halatta Musulmi ya zauna ya ci abinci a irin wannan wuri?

Wannan ce tambayar da ya kamata a warware tun kafin a hau jirgi, domin ba a ƙofar mashaya ake yanke irin wannan shawara ba, ga yunwa, ga abokan tafiya suna jira. Haramcin giya a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake shan giya a kansa. A kan zama teburi ɗaya da masu sha, maganar malamai mai ƙarfi ce. Inda aka samu bambancin fatawa shi ne wurin da ake sayar da giya amma mutum yana teburinsa daban, ba giya a gabansa: wasu sun hana shiga baki ɗaya sai da larura, wasu sun sassauta ga matafiyin da bai samu wani wuri ba, wasu kuma sun bambanta tsakanin gidan abincin da giya ke biye da abinci da mashayar da giya ce ginshiƙinta.

Abin da ya dace shi ne mutum ya kai wa malamin da ya amince da shi tambayar tare da cikakken hoton wurin, ba a dunƙule ba. Kuma gaskiyar magana ita ce, a tsakiyar Dublin da wuya a yi da'awar larura, tunda gidajen abincin halal suna da yawa, kamar yadda za a gani a tambaya ta ƙarshe. A ƙauyen da ke bakin teku, inda babu wani murhu da ke ci sai na mashaya, lamarin ya sha bamban. Sauran amsoshin da ke ƙasa an rubuta su ne don wanda ya riga ya yanke shawarar shiga, ko wanda tafiyar aiki ko ta ayari ta kai shi.

Waɗanne abinci ne aka fi samu a takardar jerin abincinsu?

Dankalin Turawa ne uban tafiya, a dafe, a daka, a soye ko a gashe. Sanannen abincin ƙasar shi ne *Irish stew*, wato naman rago da dankali da albasa, sau da yawa har da karas, da aka dafa a hankali har naman ya yi laushi; ya yi kusa da farfesu mai kauri wanda ba a sa wa yaji ba. Akwai *shepherd's pie*, niƙaƙƙen naman rago da aka lulluɓe da dakakken dankali aka gasa, da ɗan'uwansa *cottage pie* na naman sa. Akwai kifi da soyayyen dankali, da miyar kifi mai kauri da ake kira *seafood chowder*, wadda ake kawowa da burodin alkama mai duhu da bota. *Colcannon* dakakken dankali ne da kabeji ko ganye makamancinsa, *champ* kuwa da ganyen albasa ake haɗa shi, *boxty* kuma wainar dankali ce da aka fi sani a yankunan Leitrim, Cavan da maƙwabtansu.

Da rana, musamman ranar Lahadi, wasu wuraren suna yin abin da suke kira *carvery*, inda mutum zai ɗauki faranti ya bi layi, kuku ya yanka masa gasasshen nama a gabansa. Wanda ya saba da yaji ya san da cewa gishiri, bota da ganyaye masu ƙamshi ne ke ɗauke da ɗanɗanon girkinsu, kuma ba laifi ba ne a nemi a kawo barkono.

A wane abinci ne naman alade ke ɓuya?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin sau da yawa ba a rubuta kalmar *pork* ko kaɗan. Kalmomin da za a riƙe su ne *bacon*, *rashers*, *ham*, *gammon*, *lardons*, *pancetta* da *chorizo*, duk naman alade ne. Sosej a Ailan na alade ne sai dai in an faɗi akasin haka, don haka *bangers and mash*, wato sosej da dakakken dankali, ya fita. *Coddle*, abincin gargajiyar mutanen Dublin, sosej ne da yankan alade da dankali. *Bacon and cabbage* sunansa ya faɗi abin da ke ciki. Karin kumallon da ake kira *full Irish* kusan rabinsa alade ne, kuma a cikinsa akwai *black pudding*, wanda duk da sunansa ba kayan zaƙi ba ne, sosej ne da ake yi da jini, galibi na alade, da kitse da hatsi. *White pudding* shi ne irinsa marar jini, amma da nama da kitsen alade.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ake barbaɗawa don ƙamshi. Miyar kifin da aka ambata a sama, wadda matafiyi zai ɗauka ita ce mafita, kukuwa da yawa suna fara ta ne da soya ƙananan yankan alade. Haka ake yi wa wasu kabeji, da *colcannon* a wasu gidajen, da salak ɗin *Caesar*, da cikin kajin da aka cusa wa haɗi. A wurin *carvery* kuma wuƙa ɗaya da katako ɗaya na iya yanka naman sa da na alade a jere. Sai kayan zaƙi irin su *cheesecake* da *jelly*, waɗanda akan daskarar da su da jelatin, shi kuma sau da yawa daga alade ake samunsa.

An ce giyar da aka zuba a girki tana ƙonewa. Haka ne?

Ba gaba ɗaya ba. Alƙaluman da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa sun nuna cewa abincin da aka dafa da giya na minti 15 yana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na sinadarin da ke bugarwa, bayan awa ɗaya kusan kashi 25, bayan awa biyu da rabi kuma kusan kashi 5. Ko wanda aka cinna wa wuta a kasko, kusan kashi 75 na saura. Don haka idan ma'aikaci ya ce "ai ta ƙone", yana faɗin abin da ya yi imani da shi ne, amma ba daidai ba ne.

A girkin mashayar Ailan giya kayan miya ce ta yau da kullum, shi ya sa haɗarin ya fi yawa a tukunya fiye da a kofi, inda kowa ke ganin abin da aka zuba masa. *Beef and Guinness stew* da *steak and ale pie* sun faɗi kansu. Ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya shi galibi da giya ake dama shi, kuma za a ga an rubuta *beer-battered*. Halittun teku masu ɓawo irin *mussels* akan dafa su da farar giyar inabi ko giyar tuffa. Romon da ake zubawa a kan nama yana iya ɗauke da jar giyar inabi, miyar masoro ta gasasshen nama kuma da wiski ko birandi. Wasu gidajen suna zuba Guinness a ƙullun burodinsu mai duhu. A ɓangaren zaƙi, *Irish coffee* kofi ne da wiski, duk abin da aka haɗa da sunan Baileys kuma giya ce mai madara.

Naman rago da na sa da na kaza da suke dafawa halal ne?

A ƙa'ida, a ɗauka ba yankan Musulunci ba ne sai an nuna shaida. Ailan tana da mayankun da ke yanka na halal, kuma tana fitar da irin wannan nama zuwa ƙasashen waje. A garin Ballyhaunis na yankin Mayo ma, masana'antar naman halal ce ta jawo Musulmin da aka gina wa masallaci a shekarun 1980. Amma naman da mashaya ke saye daga dillalinta ba a ware shi a kan wannan. Dokar ƙasar ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana ƙasar da naman sa ya fito, don haka za a ga an rubuta cewa naman na Ailan ne ɗari bisa ɗari, sai dai wannan bayani ne kan asalin dabbar, bai ce komai kan yadda aka yanka ta ba.

Wasu suna kafa hujja da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kan abincin Ma'abota Littafi, wasu malaman kuma suna ganin yadda mayankun zamani ke sumar da dabba kafin yanka ya sauya hukuncin. Wannan ma tambaya ce ta malami, a haɗa ta da wadda aka ambata a sama kan zama a wurin.

To me ya rage da zan iya ci hankali kwance?

Ya fi yadda ake zato yawa, musamman a garuruwan bakin teku irin Galway, Kinsale, Dingle da Howth, inda kifi ke zuwa sabo. Kifin da aka gasa ko aka soya a kasko da bota, tare da dafaffen dankali da ganye, shi ne zaɓi mafi tsabta, idan an ce kada a zuba masa miyar da ke da giya. Kifin *salmon* mai hayaƙi a kan burodi mai duhu abinci ne mai kyau kuma mai sauƙin tantancewa. Miyar ganye ta ranar, wadda kusan kowace mashaya ke da ita, tana yi, bayan an tambayi irin romon da aka dafa ta da shi. Burodin soda na asali fulawa ne da madara mai tsami da soda da gishiri kawai. Abincin da aka yi wa alamar V na masu ƙin nama ne, VG kuma galibi na masu ƙin duk abin da ya fito daga dabba, amma alamun nan ba su kore giya ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin mutanenmu ke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, saboda haka ƙaguwa, jatan lande da masu ɓawo suna cikin zaɓi. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Abu ɗaya da za a kula da shi shi ne man suya, domin a ƙaramin kicin kaskon mai ɗaya na iya soya dankali da sosej.

Lambobin da ake rubutawa kusa da kowane abinci suna taimakawa?

Suna taimakawa kaɗan, amma ba don wannan aka yi su ba. Tun Disamba 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci a Ailan su rubuta ko abincin na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, kamar gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, waken soya da alkama. Ga mai irin wannan larura, lambobin abin dogaro ne. Naman alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun. Abin da mai lura zai iya tsinta shi ne alama: idan an nuna sha'ir a miyar nama, wataƙila giya ce ta kawo shi, idan kuma an nuna *sulphites*, sinadarin hana lalacewa, a miyar kifi, wataƙila giyar inabi ce. Alama ce ta a yi tambaya, ba amsa ba ce.

Yaya zan yi tambaya ta yadda za a ba ni amsar gaskiya?

Kada a tambaya ko abincin halal ne a tsaya nan, domin ma'aikaci na iya fahimtar cewa ana nufin ko babu alade a fili. A rarraba tambayar: akwai *bacon* ko *ham* a ciki, ko da kaɗan ne? An zuba giya ko giyar inabi a miya, a ƙullu ko a romo? A mai ɗaya ake soya wannan da sosej? Sannan a roƙe shi ya tambayi kuku. Ma'aikatan sun saba da irin wannan saboda dokar da aka ambata a amsar da ta gabata, kuma yawancinsu za su je su dawo da amsa ba tare da ɓata rai ba. Lokacin da kicin bai cika ba ya fi dacewa da wannan, kuma a sani cewa abin da aka riga aka dafa a babbar tukunya tun safe ba ya gyaruwa, amma kifin da za a gasa yanzu ana iya yin sa yadda mutum ya ce.

Me zan sha? Guinness ɗinsu ita ce Malta Guinness da muka sani?

Ba ita ba ce, kuma wannan ruɗani ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Arthur Guinness ya kafa kamfaninsa a St James's Gate da ke Dublin a 1759, kuma a farkon shekarun 1960 kamfanin ya gina masana'anta a Ikeja ta Legas, wadda ita ce ta farko a wajen Ailan da Birtaniya. Malta Guinness da ake sha a bukukuwa a Najeriya, Ghana da Kamaru lemon malt ne marar giya. Baƙin abin sha mai farin kumfa da ake zubawa daga famfo a Dublin giya ce cikakkiya, kuma wanda ya ce a ba shi *pint*, wato babban kofi, bai ƙara komai ba, giya za a miƙo masa. Akwai Guinness 0.0, wadda ake haɗawa a matsayin giya sannan a tace sinadarin. Malamai sun saɓa a kanta, kuma wasu abubuwan sha da ake kira marasa giya suna ɗauke da burbushi har kashi 0.5 cikin 100.

*Cider* ba ruwan tuffa ba ne, giya ce, wadda aka fi sani da Bulmers a Jamhuriyar Ailan, Magners a waje. *Shandy* giya ce da aka sirka da lemo, amma *rock shandy* haɗin lemon Club Orange da Club Lemon ne kawai. Cidona lemon tuffa ne marar giya, MiWadi ruwan 'ya'yan itace ne da ake sirkawa da ruwa, ga kuma jan lemon da suke kira *red lemonade*. Shayi kuwa, na Barry's ko Lyons, ana kawo shi a buta da madara a gefe. Ruwan famfo galibi kyauta ne idan an nema.

Yaya ake yin oda da biyan kuɗi, kuma ana ba da tukwici?

Idan akwai allo a ƙofa da ke cewa a jira a zaunar da mutum, to za a zo teburi a ɗauki oda. Idan babu, mutum ya samu teburi, ya duba lambarsa, ya je kanta ya faɗi abin da yake so, ya biya nan take. Zama ana jiran ma'aikaci a wurin da ba a zuwa teburi yana iya cin rabin awa a banza. Farashin da aka rubuta ya haɗa da haraji. Jamhuriyar Ailan Yuro take amfani da shi, Ailan ta Arewa, inda Belfast take, fam ɗin Ingila, kuma kati yana aiki kusan ko'ina. Unguwar Temple Bar ta Dublin ta fi ko'ina tsada, tafiyar minti goma a ƙafa daga can tana rage lissafi sosai.

Tukwici ba dole ba ne. Wanda aka yi wa hidima a teburi yakan bar kimanin kashi 10 cikin 100, wanda ya saya a kanta ba a jiran komai daga gare shi. A duba rasit, domin ana ƙara wa babban ayari kuɗin hidima kai tsaye. Tun 1 ga Disamba 2022 doka ta hana masu gidajen abinci amfani da tukwici wajen cike albashin ma'aikata, ta kuma ce su bayyana wa masu saye yadda ake raba shi.

Idan abokan zama suka ce kowa zai saya wa kowa bi da bi fa?

Al'ada ce mai ƙarfi a can: mutum ɗaya ya saya wa duk teburin, sai na gaba, har a zagayo, kuma wanda ya sha na mutane ya tashi kafin nasa layin yana barin baya da ƙura. Ga Musulmi matsalar a fili take, domin idan layi ya zo kansa giya zai saya wa wasu. Mafita ita ce a faɗa tun a zagayen farko, cikin fara'a, cewa mutum zai sayi nasa da kansa, kada a karɓi na kowa. Wanda yake son rama alheri ya sayi abinci ko shayi ga teburin.

Zan iya zuwa da iyali? Mace mai hijabi za ta fuskanci matsala?

Da rana mashayun da ke girki cike suke da iyalai, kuma da yawa suna da abincin yara. A Jamhuriyar Ailan doka ta yarda 'yan ƙasa da shekara 18 su kasance a wurin har ƙarfe 9 na dare, ko ƙarfe 10 daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, kuma ɗan ƙasa da shekara 15 sai tare da mahaifi ko mai kula da shi. Mai wurin yana da ikon taƙaitawa fiye da haka.

Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura 80,000 a ƙasar, don haka hijabi ba baƙon abu ba ne a birane, kuma dokar ƙasar ta hana nuna bambanci saboda addini ko launin fata wajen hidima. Iyalin da ke son nesa da kanta su nemi ɓangaren cin abinci, wanda sau da yawa ɗaki ne daban ko bene na sama. Tsofaffin mashayu kuma suna da ɗan keɓaɓɓen ɗaki mai ƙofa da ake kira *snug*, wanda a zamanin da mata da waɗanda ba sa son a gan su ke zama a ciki, kuma yana ɗaukar mutum kaɗan.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma yaya batun salla da azumi?

Tsakanin ƙarfe 12 da rabi zuwa 3 na rana, ko 5 zuwa 7 na yamma, wurin gidan abinci ne fiye da mashaya. Daga ƙarfe 9 na dare, musamman Juma'a da Asabar, yanayin yana juyawa, kuma yawancin kicin suna rufewa wajen wannan lokacin ko da ƙofa na buɗe har 11 da rabi ko 12 da rabi. Ranar 17 ga Maris, bikin Waliyyi Patrick, da ranakun manyan wasannin rugbi da na *hurling*, wasan ƙwallo da sanda na gargajiyarsu, ba ranakun neman abinci cikin natsuwa ba ne. Ranar Kirsimeti a rufe suke. Shan sigari a ciki haramun ne a doka tun 29 ga Maris 2004, lokacin da Ailan ta zama ƙasa ta farko da ta hana shi a duk wuraren aiki, don haka hayaƙi sai a tsakar gida ko bakin ƙofa.

A Dublin rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 10 saura na dare a watan Yuni, a Disamba kuma jim kaɗan bayan ƙarfe 4 na yamma. Mai azumi a lokacin bazararsu zai iya tarar da kicin ya rufe kafin magariba, don haka ya tanadi abin buɗa-baki tun da rana. Babu wurin salla a mashaya, sai a tsara cin abinci tsakanin lokuta.

Kiɗan da ake yi a ciki fa?

Makaɗan gargajiya sukan zauna a kusurwa ɗaya da goge, sarewa, ganga da sauran kayansu, ba dandamali ba tikiti, galibi bayan ƙarfe 9 na dare. Ƙauyen Doolin na yankin Clare ya yi suna a kan wannan. Idan wani ya fara waƙa shi kaɗai ba kiɗa, ana yin shiru har ya gama. Wanda ba ya son kiɗa, cin abinci da wuri kamar yadda aka shawarta a sama ya wadatar, sai dai a wuraren masu yawon buɗe ido na Temple Bar, inda ake farawa tun rana.

Duk wannan ya shafi irin waɗannan wurare a Dubai, Landan da Amurka?

Sunayen abincin ɗaya ne, dokoki ne suka bambanta. A Dubai naman da ake shigowa da shi don kasuwa sai da shaidar halal, naman alade kuma sai gidan da ke da izini na musamman, kuma ana yi masa alama a takardar abinci, shi ya sa a wurare da yawa abin da suke kira *bacon* na sa ne ko na talo-talo. Giyar girki tana nan, don haka tambayoyin da aka koyar a sama ba su faɗi ba, kuma shekarun shan giya a can 21 ne, wanda ke sa wasu wuraren hana yara shiga da dare. A Landan tsarin kusan irin na Dublin ne, har da abubuwa 14 da ake bayyanawa. A Amurka ana ƙara haraji a kan farashin da aka rubuta, tukwici na kashi 18 zuwa 20 cikin 100 kusan wajibi ne, kuma za a ga *corned beef and cabbage*, naman sa mai gishiri da kabeji, wanda 'yan Ailan mazauna Amurka suka maye gurbin alade da shi.

Idan na yanke shawarar ba zan shiga ba, ina zan ci abinci?

A Dublin, kewayen masallacin da ke titin South Circular Road da titin Clanbrassil akwai mahauta da gidajen abincin halal, a titin Moore da kewayensa kuma akwai shagunan kayan abincin Afirka. Biranen Cork, Galway da Limerick duk suna da gidajen abincin Turkawa, 'yan Pakistan da Larabawa. A ƙauye, kantunan SuperValu, Centra da Spar suna da burodi mai duhu, cuku, kifi mai hayaƙi, madara da 'ya'yan itace, waɗanda suka isa abincin rana a mota ko a masauki. Gidajen shayi suna ba da miya da burodi amma yawancinsu suna rufewa wajen ƙarfe 5 na yamma. Shagunan soya kifi da dankali suna kaiwa dare kuma galibi ba sa sayar da giya, sai dai a tambaye su da me suka dama ƙullun, da kuma ko man ganye suke suya da shi ko kitsen dabba.